Tagar Aji Biyu

Mai Kaji yana kan tsani da jiƙaƙƙen buhu a kafaɗa, ruwa na tsiyaya masa cikin riga, wayarsa ta soma ruri a aljihu. Bai ko kula ta ba. Sai da ya rataye buhun a jikin ragar taga, ya ja gefensa ya daidaita, ya ji iskar da ke ratsowa ta ɗan yi sanyi, sannan ya sauko. Kaji dubu biyu ne a ɗakin, kuma tun ƙarfe goma suka hangame baki suna haki, fikafikai a sake. Ya ciro ƙaramin ma'aunin zafin da ba ya rabo da aljihun gabansa ya duba. Talatin da takwas, ga shi rana ba ta ma take tsaka ba.

Wayar ta sake ruri. Matarsa ce, daga asibitin da take aikin jinya.

"Baban Auta, makaranta suka kira. Wai ka zo yanzu-yanzu."

"Me kuma aka yi?"

"Cizo ta yi."

"Cizo? Wa ya yi cizo?"

"Wa kuwa in ba 'yarka ba? Ta gartsa wa wani yaro a hannu, har da jini. Shugabar makaranta ta ce wannan ne na uku, ka kuwa san dokarsu. Ni ba halin in motsa, tsofaffin da zafi ya kayar sun cika mana ɗaki. Don Allah ka je ka ba su haƙuri, kada su kore ta."

Ya daɗe riƙe da wayar bayan ta kashe. Dokar ya san ta sarai, shi ma ya sa hannu a kanta: laifi uku a zango ɗaya, yaro ya nemi wata makarantar. Wata makarantar kuwa tana can tsallaken babban titi, inda ko babba sai ya yi addu'a kafin ya ƙetara. Kuma wai Auta! Yarinyar da in baƙo ya zo gidan sai an yi cigiyarta saboda shiru. Shekararta bakwai ba ta taɓa jawo masa magana ba, amma cikin mako biyun nan ta yaga littafin wata, ta ture wani daga benci, yau kuma ga cizo. Kunya ta rufe shi, daga baya haushi ya biyo.

"Dogo!" ya ƙwala wa abokin aikinsa kira. "Zan leƙa makarantar yara. Sha biyu na yi ka janye abincin nan gaba ɗaya. Ruwan sha kuma in ya yi ɗumi ka zubar, ka sake sabo. Buhunan kada ka bari su bushe."

Dogo ya fito daga ɗaya ɗakin riƙe da wata jar kaza ta ƙafafu. "To, ga mutuniyarka. Yau ma ta sari guda biyu, ɗaya har ta tsiyaye mata ido. Manaja ya ce wuƙa."

"Manaja yana ofis cikin sanyi. Miƙo ta nan." Ya karɓe ta, ya ɗaga fiffikenta ya sa tafin hannu a ƙarƙashi. "Ka ji jikinta kuwa? Wata takwas tana yi mana ƙwai ba ta taɓa saran kowa ba. Ba halinta ba ne, zafi ne ya ci ƙarfinta. Ka kai ta kejin inuwa, ka ba ta ruwa, ka ƙyale ta."

"Lauyan kaji ke nan," in ji Dogo yana dariya. "Ranar da za su yi zaɓe ba ka da abokin takara."

Mai Kaji bai yi dariyar ba. A bakin ƙofar gona ya tsaya gindin wata bishiya, ya karyo reshe mai kaurin ɗan yatsa, ya zage ganyen ya soke shi a bayan babur, kan busassun buhunan da yake shimfiɗawa a sirdi. Bai taɓa dukan Auta ba. Amma ya yi lissafinsa: in ya zane ta a gaban shugabar, aka ga uban bai ɗauki abin da wasa ba, wataƙila a sassauta. Gara ta sha tsumagiya biyar da ta rasa makaranta.

Hanya kamar an hura wuta. Rabon da a ga zafi ya ja lokaci haka, tsofaffi ma sun ce ba su tuna ba. Da a shekarun baya ne, war haka an yi ruwa uku ko huɗu. Bana kuwa sau ɗaya aka yi, wata guda da ya wuce, shi ma iska ce ta fi yawa, ta kwashe rufin mutane ta yi gaba. Tun daga nan kullum hadari zai haɗu da rana, ya yi baƙi ƙirin, kowa ya kwashe shanya, sai ya watse ya bar gari da wani irin zafi mai danƙo. Karnuka sun shige ƙarƙashin motoci sun zaro harshe. A mahaɗar hanya ya ga direbobi biyu, manya da furfurarsu, sun ci kwalar juna a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ofishin shugabar makaranta yana da fanka, tana ta juyi tana ƙara. Shugabar na zaune bayan tebur, dattijuwa mai tabarau, ga wata takarda a gabanta an riga an buga, hannu kawai ya rage ta sa. A kujerar gefe uwar yaron da aka ciza ce, ta cika ta yi fam, ɗanta a jikinta da bandeji a damtse. Malamar aji biyu tana tsaye bakin ƙofa, idonta ya faɗa. Can a lungu kuma ga Auta, ta sunkuyar da kai, rigar makarantarta ta jiƙe ta manne mata a baya.

Ya gaisa da kowa, ya durƙusa ya duba hannun yaron. Sawun haƙora ne sosai, babu batun ƙari.

"Sannu, yaro. Baiwar Allah, ki yi haƙuri, ban da bakin magana."

"Haƙuri?" in ji matar. "Makaranta na kawo shi ko gidan karnuka? Da idonsa ta samu fa?"

"Baban Auta," shugabar ta ce a hankali, "yayyenta uku a hannuna suka gama, ban taɓa kiranka ba. Amma doka ba ta san wannan ba. In na ɗaga wa ɗaya, gobe ba ni da bakin yi wa wani magana."

"Gaskiya ne, ranki ya daɗe. Amma ki bar ni in hukunta ta a gabanki, ki gani da idonki." Ya ɗaga tsumagiyar. Muryarsa ta fita da ƙarfin da bai yi niyya ba. "Ke! Zo nan."

Auta ta tako a hankali. Ba ta yi kuka ba, kallon tsumagiyar kawai take, kamar ba ta gane abin da take yi a hannun babanta ba.

"Me ya yi miki?"

Ta ci gaba da kallon tsumagiyar.

"Ba da ke nake ba?"

"Manne mini ya yi," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Na ce ya matsa, ya ƙi."

"Ba wurin matsawa!" yaron ya yi caraf ya ce. "Ni ma turo ni aka yi."

Mai Kaji ya damƙi damtsenta zai juya ta. Nan hannunsa ya tsaya. Shekara goma sha ɗaya hannun nan yana taɓa jikin masu rai, ya san ɗumin lafiya, ya san wanda ba shi ba. Bai yi shawara da kowa ba, bai ma san ya yi ba, sai ganinsa aka yi ya ɗaga hannun yarinyar sama ya cusa tafinsa a hammatarta, daidai yadda ya yi wa jar kaza ɗazu. Zafi rau. Ya ja hannun rigar ya leƙa: ƙurajen zafi ne jajaye birjik, tun daga hammata har gefen wuya, wasu ta sosa sun ɗaye. Ya dubi fuskarta. Bakinta a buɗe, numfashi gajere-gajere. Ya waiga ya dubi yaron, shi ma haka.

"Malam, lafiya?" in ji shugabar.

"Malama," ya ce da malamar ajin, "ƙarfe nawa abin ya faru?"

"Sha ɗaya da 'yan mintuna."

"Na littafin fa? Da na bencin?"

Ta ɗan yi tunani. "Duk bayan an dawo tara ne. Wajen sha biyu zuwa ɗaya."

"Da safe ta taɓa yi?"

"Da safe? Auta ai da safe ko motsinta ba ka ji."

Ya sauke tsumagiyar. "Ranki ya daɗe, alfarma ɗaya. Kafin ki sa hannu, a nuna mini inda take zama."

Shugabar ta dube shi ta saman tabarau, ta dubi agogo, sannan ta miƙe. Uwar yaron ma ta biyo su tana ƙunƙuni, wai ita dai ta ga inda wannan wasan zai ƙare.

Tun daga baranda ake jin ajin, hayaniya kamar kasuwa ta ci. Malama na tura ƙofa wani hucin ya bugi fuskarsu, mai haɗe da warin gumi. Shugabar ta ja baya taku ɗaya ba ta sani ba. Yara suka miƙe suka gaishe su da wata irin murya a jeme, wasu ma ba su iya tashi ba. Can baya biyu na kokawa a kan murfin biro. Wata 'yar ƙarama ta kifa kai a benci tana kuka, ba wanda ya san dalili, da alama ita ma ba ta sani ba.

Mai Kaji ya tsaya yana kallo irin kallon da yake yi wa ɗaki kowace safiya. Sama ya fara dubawa: babu silin, kwano ne tsirara, yana ta ƙas-ƙas da rana. Tagogi huɗu na katako, duk a rufe, an bi su da ƙusa. Benci na mutum uku, an jera biyar-biyar.

"Su nawa ne?"

"Saba'in da huɗu," in ji Malama. "Iskar nan ta yaye rufin aji uku, sai aka haɗe mini su. Ita ce kuma ta karya sakatun tagogin, suka dinga bugawa suna firgita yara, shi ne aka sa maigadi ya kafe su kafin a gyara."

"Ina wurin Auta?"

Aka nuna masa: benci na ƙarshe, can ƙuryar da bango biyu suka haɗu, ƙarƙashin kafaffiyar taga. Ya kutsa ya isa, ya dafa bangon ya yi saurin janye hannu. Ya ciro ma'auninsa ya ajiye a kan bencin. Yara suka yi tsit suna leƙe, sun samu abin kallo. Da ya ɗauka ya duba, sai ya miƙa wa shugabar.

"Arba'in da uku," ta karanta.

"Ranki ya daɗe, a wurin aikina in ya kai talatin da biyar hankalinmu tashi yake. Wallahi in na zuba kaji haka, na kafe musu taga, kafin yamma rabinsu sun sari juna, gobe kuma ni za a kora, ba su ba. Da farko za ki ga sun daina ci. Sai haki. Daga nan wadda ta fi kowa haƙuri, ita ce za ta fara sara, don ita ce ba ta iya ture kowa ta nemi wuri..."

"To, madalla!" uwar yaron ta tafa hannu. "Yau kuma 'ya'yan namu ne suka zama kaji?"

Yara suka kwashe da dariya, wani daga tsakiya har ya yi cara. Mai Kaji ya ji kunya ta kama shi.

"A gafarce ni, bakin ne ya saba. Ba cewa nake ba ta yi laifi ba. Ta yi, kuma za ta ba shi haƙuri. Amma ki taɓa wuyan ɗanki, baiwar Allah."

Matar ta harare shi, amma ta taɓa. Ta ja kwalar rigar yaron ta leƙa bayansa. Sannan ta kama gefen mayafinta ta shiga yi masa fifita.

"Ni dai tun da aka haɗe ajin nan," Malama ta ce, "daga sha biyu ba karatu nake koyarwa ba, rabon faɗa nake. Shekaranjiya na daka wa wata tsawar da ni kaina na tsorata. Na fita bayan aji na yi kukana, na wanke fuska na dawo. Na ɗauka ni ce na kasa."

Shugabar ta cire tabarau ta share gumin da ya taru a karan hancinta. Ofishinta taku talatin ne daga nan, amma duk zagayen da take yi da sassafe take yinsa.

"A kira mini maigadi," ta ce. "Ya zo da guduma."

Mai Kaji ya karɓi gudumar da kansa. Ƙusoshin dogaye ne, maigadi ya yi aikin tsakani da Allah, kowace sai ta yi ƙara kafin ta fito. Da tagar farko ta buɗe, yara suka yi "Yeee!" kamar an dawo da wuta. Ya bi sauran ukun. Ya aiki maigadi ya kwaso buhunan da ke kan babur, aka tsoma su a bokiti, ya rataye biyu a tagogin da iska ke shigowa. Ya ce a ajiye bokitin ruwan sha a cikin aji, kowa ya sha ba sai ya ɗaga hannu ba. Ya nuna inuwar bishiyoyin da ke bakin fili, ya ce da za a fitar da 'yan aji uku can daga sha ɗaya, da kowa ya samu wurin miƙe ƙafa. Sai da ya gama zuba umarni ya tuna ba gonarsa ba ce, ya yi saurin cewa, "In an ga ya dace, ranki ya daɗe."

Tagar ƙuryar Auta ce ta ƙi zama. Da an buɗe sai ta dawo garam, ƙyaurenta biyu duk sun saki. Maigadi ya ce bari ya nemo dutse. Mai Kaji ya duba hagu ya duba dama, sai ya ga tsumagiyar da ya jingine a bango. Ya ɗauka ya karya ta biyu a gwiwa, ya tokare kowane ƙyaure da rabi. Suka tsaya cak. Iska ta shigo ta ɗaga shafin wani littafi.

A baranda shugabar ta sa Auta ta tsaya gaban yaron.

"Ka yi haƙuri," in ji Auta. Sai yanzu hawayen suka zo. "Da zafi?"

"Kaɗan," in ji shi, yana gyara bandejin don kowa ya gani.

"Takardar nan ban yaga ta ba," shugabar ta ce da Mai Kaji. "Tana cikin aljihun tebur. Zan ga mako biyu. In ta sake, da taga ko ba taga, ka san sauran."

"Na yarda, ranki ya daɗe. Na gode."

"Yau ka tafi da ita gida ta yi wanka. A nemi hoda a sa wa ƙurajen nan." Ta dubi aljihun rigarsa. "Ma'aunin naka, a ina ake samun irinsa?"

Ya ciro shi daga aljihu ya ajiye mata a hannu.

Uwar yaron ta wuce su ba sallama, sai da ta yi nisa ta waigo. "Mai kaji! In ta sake cizon ɗana, ni ma sai na cije ka." Amma muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

Ya ɗora Auta a bayan babur, sirdin ya yi zafi har sai da ya cire hularsa ya shimfiɗa mata. Bai tayar ba, wayarsa ta yi ruri. Dogo ne: famfo ya tsaya na rabin awa, guda shida sun mutu a ɗaki na biyu, Manaja na tsaye yana tambayar inda ya shiga.

"Ka ce ina hanya. Jar fa?"

"Lauya, ana maganar shida kana tambayar ɗaya? Tana nan kwance a inuwa, ta sha ruwa har ta yi ƙwai."

Ya mayar da wayar aljihu. Abin da ke cin ransa ba Manaja ba ne. Sau uku a rana yake auna zafin ɗakin kaji, ya rubuta a allo. Mako biyu yarinyar nan na dawowa gida ta ture abinci, ta kwanta a kan siminti tana soshe-soshe, shi kuwa abin da ya iya ce mata kawai, ta daina shagwaɓa.

Sun hau titi, hadarin yau ma ya fara haɗuwa ta gabas. Auta ta riƙe rigarsa da hannu biyu.

"Baba."

"Na'am."

"Sai mun je gida za ka dake ni?"

"A'a."

"To ina bulalar?"

"Na bar ta a makaranta. Ta samu aiki."

Jim kaɗan ya ji kanta ya yi nauyi a bayansa, hannuwanta sun soma saki. Ya kai hannun hagu baya ya haɗe su a cikinsa ya riƙe. Wayar ta sake ruri a aljihu. Ya rage gudu, ya koma gefen titin da ke da inuwa, yana kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya don kada ta farka.